Giacomo Ciamician: Malamin Da Ya Shanya Kwalabe A Rana

A wannan fitowa ta jaridar bango, filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe ya leƙa ƙasar Italiya.

Kowa a cikinmu ya san abin da iyayenmu mata suke yi idan sun wanke sabuwar atamfa: a juya ta bai-bai, a shanya a inuwa, don kada rana ta cinye launinta. Rigar makarantarmu ma shaida ce. Wadda aka ɗinka mana muna aji ɗaya, kafin mu kai aji uku kafaɗunta sun koɗe. Mu ɓarna muke gani a nan. Mutumin da muka ɗauko yau tambaya ya gani: idan haske yana da ƙarfin da zai sauya sinadari, me zai hana a sa shi aiki?

Sunansa Giacomo Ciamician, ana furta shi Jakomo Camican. An haife shi ranar 27 ga Agusta, 1857, a Trieste, wani birni na bakin teku da a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Danginsa asalinsu Armeniyawa ne. Ya yi karatu a Biyana, ya karɓi digirin dakta a jami'ar Giessen ta Jamus a 1880, sannan ya tafi Roma ya zama mataimakin Stanislao Cannizzaro, babban malamin kimiyyar sinadarai na Italiya a wancan zamani. A 1887 ya zama farfesa a Padua, bayan shekara biyu ya koma jami'ar Bolonya, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Ba da haske ya fara yin suna ba. Ya shafe shekaru yana nazarin wani sinadari da ake kira firol, wanda siffarsa take cikin abin da ke ba ganye launin kore da abin da ke ba jini launin ja. A Roma ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Paul Silber, suka ƙulla aikin da ya haura shekara talatin. Shi ya sa a littattafan kimiyya da wuya a ambaci ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Gwajinsa na farko a kan haske ya fito a 1886, amma daga 1900 ne shi da Silber suka duƙufa. A lokacin babu fitilu masu ƙarfi irin waɗanda masu bincike suke da su yau, don haka rana ita ce fitilarsu. Sai su zuba sinadarai a kwalabe da bututun gilashi, su toshe bakinsu ruf, su hau saman ginin sashensu su jera su kamar yadda ake shanya kuɓewa ko tattasai a kan rufin soro. Akwai wani hoto nasa da ya shahara, yana tsaye a tsakanin waɗannan kwalabe. Wata kwalbar mako take yi, wata watanni. Wani sinadari mai suna carvone, wanda ke ba wasu ganyaye da 'ya'yan tsirrai ƙamshi, sai da ya yi kusan shekara a rana kafin su tantance sabon abin da ya zama, suka buga sakamakon a 1908. Mu da muke ƙosawa idan gwajin ɗakin kimiyya ya wuce minti arba'in, sai mu auna.

Aikin ba ajiye kwalba ba ne kawai. Rana tana zuwa da haske, tana zuwa da zafi, kuma dole mai bincike ya raba su. Hanyar ita ce a ajiye wata kwalba irinta a cikin duhu. Idan ta rana ta sauya, ta duhu ba ta sauya ba, to haske ne ya yi aikin. Cikin shekara goma sha biyar, su biyun sun buga rahotanni masu yawa da suka nuna cewa haske yana haɗa sinadarai, yana raba su, yana kuma juya siffarsu ta hanyoyin da wuta ba ta iyawa. Saboda wannan ne ake lissafa Ciamician cikin waɗanda suka kafa kimiyyar haske da sinadarai.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne laccar da ya gabatar a New York a watan Satumba na 1912, a babban taron masana sinadarai na duniya. Zamanin kwal ne, hayaƙi ya rufe biranen Turai, ana alfahari da shi. Shi kuwa ya tuna musu cewa kwal hasken rana ne da itatuwan dā suka tara, kuma duk abin da aka tara yana ƙarewa. Ya yi lissafi cewa ƙarfin ranar da ke sauka a hamadar Sahara a wuni ɗaya ya kai na tan biliyan 6 na kwal, alhali abin da Turai da Amurka suke haƙowa a shekara guda bai fi tan biliyan 1 da 'yan kai ba. Ya hango masana'antu marasa hayaƙi a cikin sahara, bututun gilashi jere kamar daji, inda ɗan Adam zai kwaikwayi abin da ganye yake yi da haske. Ya kuma ga cewa ƙasashe masu zafi su ne za su fi cin moriya. Da muka karanta wannan, mun ɗaga kai mun dubi ranar Ɗanzomo ta watan Afrilu, mun kuma tuna da famfunan sola da ke ɗaga ruwa a garuruwanmu daga Gumel har Maigatari.

A cikin wannan lacca ya nuna cewa haske shi kaɗai ba ya isa, sai an samo masa mataimaki, wato sinadarin da ke gaggauta aiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mu a kulob mun raɗa masa suna ɗan zuga: ya haɗa faɗa, a yi kaca-kaca, shi ya fita ko ƙwarzane babu.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da daɗi ba. An naɗa shi sanata a 1910, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikinsa da Silber, domin Italiya da Jamus sun zama abokan gaba. Ya taimaka wajen ƙera wa sojojin Italiya abin rufe hanci da baki don kariya daga iskar guba, sai dai abin ya tare guba iri ɗaya, ya kasa tare wata da abokan gaba suka zo da ita daga baya. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai taɓa samu ba. Ya mutu a Bolonya ranar 2 ga Janairu, 1922, yana da shekara 64. Yau sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar sunansa yake ɗauke da shi.

To mene ne haɗinmu da shi? Rini ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da baba da toka da ruwa take aiki. Amma tun da William Perkin ya haɗa rinin kanti na farko a Ingila a 1856, kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, rinin kanti ya mamaye kasuwa. An ƙera shi ne don ya jure wanki da rana, kuma wannan juriya ita ce ke sa ya daɗe a cikin ruwa idan an zubar da shi. Dattin ruwan masaƙu da majemun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya shigo Jigawa. Masunta da masu noman rani na jiharmu a ƙasan wannan ruwa suke.

Ciamician bai tsarkake ruwan rini ba, kada mu ɗora masa abin da bai yi ba. Ɗan zugan da ya nema ya bayyana sosai ne shekara 50 bayan mutuwarsa. A 1972, wasu Japanawa biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa titaniyam dayokzaid, sinadarin nan da ake yin farin fenti da shi, yana taimaka wa haske ya raba ruwa. Daga baya masu bincike suka gwada hodarsa a gurɓataccen ruwa. Idan haske ya bugi ƙwayar hodar, sai ya tunkuɗe ilektiron daga mazauninsa. Wannan yana sa ruwa da iskar da ke kewaye su haifar da wasu 'yan sinadarai masu cizo, su far wa rinin su gutsuttsura shi, har idan aikin ya kammala ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi da ɗan gishiri. Hodar kuwa tana nan, a tace ta a sake amfani da ita. A ɗakunan gwaji an fi jarraba ta da wani shuɗin rini mai suna metilin, ana kallon ruwan yana washewa.

Da sauran aiki. Ruwa ya yi fari ba ya nufin guba ta ƙare, sai an auna. Tace hodar daga ruwa mai yawa yana da wahala. Babbar matsalar kuma ita ce titaniyam dayokzaid yana amfani ne da wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken da ke iso ƙasa ba. Sauran duk wucewa yake yi. Shi ya sa masu bincike suke ta cuɗa shi da wasu sinadarai, suna gwada sababbi, don su samo wanda zai kama hasken nan da muke gani da idonmu, irin wanda ke cinye kafaɗun rigunanmu.