Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilimin Magani

Ɗalibi, ka san Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a 1781, ya zama Sarkin Musulmi a Sakkwato a 1817. Amma ko ka san cewa cikin littattafan da ya rubuta da Larabci akwai na magani? Ya yi rubutu kan ciwon ido, da amfanin filasko wajen sassauta ciki, har ma da basir, cutar da mutane da yawa ke jin kunyar ambata.

Lura da abin da ya haɗa ciwon ido da basir: kumburi. Idan wuri ya kumbura, jini yakan taru, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya matse jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Daga nan raɗaɗi ke tasowa.

Da Baturen Birtaniya, Clapperton, ya ziyarce shi a 1824, Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita. Ya rasu a Wurno a 1837, kuma can kabarinsa yake.