Hadiriyan, sarkin da bai sa sunansa ga gini ba

Mai karatu, idan ka gina babban soro da kuɗinka, sunan wa za ka rubuta a ƙofa? To, ga labarin wani sarki da ya rubuta sunan wani.

Sunansa Hadiriyan. An haife shi a shekara ta 76 bayan haihuwar Annabi Isa. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 10. Wani danginsu, Tarajan, ya riƙe shi. Da Tarajan ya rasu a 117, sai Hadiriyan ya gaji sarautar Rum.

Hadiriyan ba mai zama gida ba ne. Ya zagaya ƙasarsa, ya je Ingila, ya je Masar. Yana da zafin hannu kuma. Da Yahudawa suka yi tawaye a 132, sojojinsa sun kashe mutane da yawa.

Amma abin da aka fi tuna shi da shi, gini ne. A birnin Rum akwai wani ɗakin bauta da ake ce ma Fantiyon. Wani babban mutum, Agirifa, shi ya fara gina shi. Gobara ta cinye shi har sau biyu. A zamanin Hadiriyan aka gama sabon ginin, wajen shekara ta 125. Da aka gama, sai ya sa aka mayar da sunan Agirifa a gaban ginin. Nasa sunan bai hau ba.

Ka san daurin guga na maginan Damagaram? To, rufin Fantiyon ƙubba ce kamar ƙwarya a kife, amma faɗinta mita 43. Ba ginshiƙi a tsakiya, ba ƙarfe cikin kwaɓin.

Yaya aka yi ba ta faɗi ba? Magina sun kwaɓa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta da tsakuwa da ruwa. Wannan shi ne simintinsu. Daga ƙasa suka sa duwatsu masu nauyi, kaurin rufin ya kai mita 6. Suna hawa suna rage kauri, suna sa duwatsu marasa nauyi. Can bisa suka bar kafa mai faɗin kusan mita 9. Ta nan haske yake shiga. In an yi ruwa, sai ya bi ta ƙananan ramuka da ke daɓe ya fita.

Hadiriyan ya rasu a 138, yana da shekara 62. A 609 aka mayar da ginin coci. Har yau yana tsaye a Rum, ƙasar Italiya, baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo.

In Allah ya kai ka can, dubi rubutun da ke bisa ƙofa. Sunan Agirifa za ka gani. Amma ka riga ka san wanda ya gama aikin.