Michael Faraday, ɗan maƙeri

An haifi Michael Faraday a kusa da birnin Landan, ƙasar Ingila, ran 22 ga watan Satumba 1791. Ubansa maƙeri ne, kuma talaka. Michael bai daɗe a makaranta ba. Karatu da rubutu da ɗan lissafi kaɗai ya samu.

Da ya kai shekara 14, aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin littattafai. Shekara 7 ya yi can. In an kawo littafi, sai ya karanta shi. Nan ya fara jin labarin lantarki.

A 1812 ya je sauraren wani babban masani mai suna Humphry Davy. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke takardun, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi aiki. Ya fara da wankin kwalabe da shirya kayan gwaji. A 1831 ya gano yadda ake samun lantarki da maganaɗisu. Injinan ba da wuta na yau da wannan dabara suke aiki.

A zamanin nan masana da yawa suna ganin lantarki yana jan abu daga nesa, ba ruwansa da abin da ke tsakani. Faraday bai yarda ba. A 1837 ya gwada iska da gilashi da farar wuta. Ya sa kowane tsakanin ƙarafa biyu, ya ba su lantarki. Sai ya ga cajin da ƙarafan suke riƙewa yana sākewa in an sāke abin da ke tsakaninsu.

Ga yadda ya fahimci abin. Caji iri biyu ne: mai alamar (+) da mai alamar (−). Kewaye da kowane caji akwai wurin da ake jin ƙarfinsa, shi ne filin lantarki. In an sa gilashi cikin filin, ƙananan ƙwayoyinsa sai su yi kai biyu: ɗaya (+), ɗaya (−).

Filin yana tura kan (+) gaba, yana jan kan (−) baya. Kamar sanda ce a gicciye, yaro ɗaya yana jan kanta gabas, wani yana jan gindinta yamma. Sandar za ta juya har ta miƙe tsakaninsu. In ƙarfinsu ɗaya ne, ba za ta gusa ba. In ɗaya ya fi ƙarfi, sai ta bi shi. Haka ƙwaya mai kai biyu take yi: tana juyawa ta bi filin, kuma tana matsawa inda ya fi ƙarfi.

Ana ganin wannan da hunturu, lokacin da iska ta bushe. In an goga mashacin roba a gashi, aka kai shi kusa da guntayen takarda, sai su tashi su manne masa. Kan da ke kusa da mashacin ya fi jin ja.

Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba, shi ya sa wasu masana suka raina ra'ayinsa. Daga baya James Clerk Maxwell ya rubuta shi da lissafi, duniya ta karɓa. A 1912 Peter Debye ya bayyana cewa wasu ƙwayoyi, irin na ruwa, da kai biyunsu suke tun asali.

Faraday yana son yara, yakan tara su ya nuna musu gwaje-gwaje. Sau biyu aka ba shi shugabancin babbar ƙungiyar masanan Ingila, ya ƙi. Ya rasu ran 25 ga watan Agusta 1867.

Tambayoyi
1. Wace sana'a Faraday ya fara koya?
2. Me filin lantarki yake yi wa ƙwaya mai kai biyu?
3. Don me takarda take manne wa mashaci?