Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Raini Mutane

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan ilimi, domin mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne. Bayan karatun allo da Makarantar Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa Makarantar Midil ta Bauci.

A Bauci ya yi hulɗa ta kusa da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi, ya kuma ja shi a jiki yana wasa masa basira. Abin da ya samu daga Sa'adu shi ya riƙa mayarwa ga na ƙasa da shi. Koyarwarsa ba ta tsaya a aji ba. Yakan shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo da muhawara don su saba da tsayawa gaban jama'a su faɗi ra'ayinsu. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, don malamai su san haƙƙinsu, su kuma ɗaga darajar aikinsu. Daga nan ya koma Kwalejin Horon Malamai ta Maru, har ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasar NEPU.

Siyasa ba ta raba shi da malanta ba. Gidansa na Gwammaja ya zama makaranta, ƙofarsa a buɗe ga ɗalibi da ma'aikaci da talaka, ya kuma dage kan ilimin 'ya'ya mata. Cikin waɗanda suka tashi a hannunsa akwai Abubakar Rimi, gwamnan tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin da Jahun ke cikinta, da Sule Lamido, wanda ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar dukiya ba sai mutane. Gidan nasa, Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

'Yan uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja, yaranmu na gama sakandare a Jahun ba su da mai nuna musu hanya. Kowa ya ɗauki ɗaya ya riƙe, kamar yadda Malam ya yi. Allah ya jiƙansa, amin.