Likita Larrey da Keken Ɗaukar Masu Rauni

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku tarihin Dominique Larrey, likitan sojan Faransa na zamanin Napoleon, wanda aka haifa a 1766. A da, sojan da aka harba yakan yi ta kwanciya a fagen fama sai an tashi yaƙi, da yawa jini ya ƙare musu a nan.

Larrey ya shirya keken doki mai sauri wanda ke shiga ana tsakiyar harbi. A 1797, a Italiya, ya tsara ma'aikatansa: kowace ƙungiya babban likita ɗaya ke shugabanta, ƙananan likitoci da masu jinya suna bin umarninsa. Amma abin da ya fi burge ni, wajen majinyata ba ya duban muƙami. Wanda rauninsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa, kurtu ne ko janar, ko ma abokin gaba. Mu mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da mukan kai mara lafiya Funtuwa a motar haya ba mai duba shi a hanya, mun san darajar wannan.

A Waterloo, a 1815, sojan Prusiya suka kama shi za su harbe shi. Janar Blücher ya sake shi, domin ya taɓa ceton ɗansa. Ya rasu a Lyon a 1842.