Nana Asma'u ƴar Shehu: goyo a baya, alƙalami a hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

An haifi Nana Asma'u, Allah Ya ƙara mata yarda, a Ɗegel wajen shekara ta 1793. Mahaifinta shi ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, jigo a ɗariƙar Ƙadiriyya, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai kira ta Hassana ba, sai ya sa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sauran matan Shehu suka rene ta. Tana kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da yaƙi da idonta.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haifi ƴaƴa maza shida, na fari ya rasu yana jariri. Gidan waziri kuwa ba gidan hutu ba ne: baƙi, manzanni, almajirai, tukunya ba ta sauka. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana jin Buzanci. A 1820, yaranta na ƙanana, ta rubuta Tanbihul Gafilina. Bayan wafatin Shehu a 1817 ita da mijinta sun yi ɗawainiyar tattara littattafansa da adana su, aiki mai cin rai da ba a cika ambatonsa ba.

Inda hikimarta ta fi fitowa shi ne zaɓen waƙa. Littafi yana son zama da natsuwa, mai goyo kuwa ba ta da su. Waƙa ana iya rera ta ana daka, ana kaɗi, ana rarrashin yaro, yaron kuma ya ɗauke ta tun bai san harafi ba. A 1829 ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa da Fulatanci, daga baya aka same ta da Hausa. Ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa. Ta kuma yi waƙar tawassuli da mata waliyyai, ta ambaci matan Annabi da ƴaƴansa da irin su Rabi'atul Adawiyya, har da salihan mata na zamaninta, domin yarinya ta tashi da sanin cewa mata ma suna kai wa ga kusanci da Allah.

Daga nan tsarin Ƴan Taru ya fito. Ta naɗa jajoji, dattijan mata amintattu, kowacce da malfa da jan rawani. Su ke jagorantar tsofaffi da ƴan mata daga ƙauyuka zuwa gare ta. Matan aure masu ƙananan yara suna zama a ɗakunansu, jaji ta komo ta biya musu waƙoƙin da ta koyo. Wanda bai san nauyin reno ba da wuya ya yi irin wannan tunani.

Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma malami ne marubuci. Daga zuriyarta Waziri Junaidu ya fito, a gidansa aka adana rubuce-rubucenta da yawa. Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru. Allah Ya ba da albarkacinsu, amin.