Barthélemy Boganda: Limamin cocin da dokar zaɓe ta ɗaga, shi ma ya rufe ƙofa da ita

Babban titin da ya taso daga tsakiyar birnin Bangui ya nufi unguwar KM5 sunan Barthélemy Boganda yake ɗauke da shi. Unguwar ta samo nata sunan ne daga tazarar kilomita 5 da ke tsakaninta da tsakiyar gari, inda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu. A nan Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Chadi da Senegal suka kafa kasuwar da ta fi kowace girma a ƙasar. Lokacin da Boganda ya shiga siyasa a 1946, akasarin mazauna irin waɗannan unguwanni ba su da ƙuri'a, kuma tarihin siyasarsa daga farko har ƙarshe ya tafi ne kafaɗa da kafaɗa da sauye-sauyen dokar zaɓe.

An haife shi a wajen 1910 a ƙauyen Bobangui da ke yankin Lobaye, cikin ƙabilar Ngbaka. Zamani ne da kamfanonin Faransa ke tilasta wa mutane shiga daji tatsar roba, kuma tun yana ƙarami ya rasa iyayensa. 'Yan mishan na Katolika ne suka raine shi, suka sa shi makaranta, aka yi masa baftisma a 1922. Ya yi karatun addini a Brazzaville da Yaoundé, sannan a 1938 ya zama ɗan ƙasa na farko da aka naɗa limamin Katolika a Ubangi-Shari, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin. Ya yi aiki a Bambari da Grimari da Bangassou.

Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta ba yankunan da take mulka kujeru a majalisar dokokinta da ke Paris, amma ta raba masu zaɓe gida biyu. Rukuni na farko na masu cikakkiyar shaidar zama Bafaranshe ne, kusan dukkansu Turawa. Na biyu na 'yan ƙasa ne, su ma ba kowa ba: sarakuna, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa masu lasisi, da masu takardar mallakar fili ko lasisin tuƙi. A 1947 aka ƙara da waɗanda suka iya karatu da Faransanci ko Larabci. Ke nan ɗan kasuwar KM5 mai biyan kuɗin lasisi, ko malamin da ke karanta Larabci, na iya samun katin zaɓe, amma manomin auduga da matarsa da ɗan dako sai dai kallo. 'Yan tsirarun Turawan Ubangi-Shari da Chadi kuwa suna da nasu wakilin, René Malbrant.

Babu zaɓen fid da gwani a wancan lokaci. Wanda ke da ƙarfin tsayar da ɗan takara shi ne gwamna, ko 'yan kasuwar Turawa, ko coci. Bishop Marcel Grandin na Bangui ne ya ƙarfafa wa Boganda gwiwa ya tsaya, don yana fargabar 'yan gurguzu da 'yan Furotesta su mamaye fagen. A zaɓen 10 ga Nuwamba 1946 Boganda ya samu ƙuri'u 10,846, kusan rabin waɗanda aka kaɗa, ya zama ɗan majalisa. Wannan adadi kaɗai ya isa nuna ƙanƙantar rajistar masu zaɓe a ƙasar da jama'arta ta kai kusan miliyan ɗaya.

A Paris ya shiga jam'iyyar MRP ta 'yan Katolika, ya yi ta kai ƙorafi kan aikin tilas da bulala da noman audugar dole, amma ba a cika sauraronsa ba. Ya dawo gida ya kafa ƙungiyar haɗin gwiwar manoma mai suna SOCOULOLE, wadda ba ta yi nisa ba. Ranar 28 ga Satumba 1949 ya kafa jam'iyyarsa ta MESAN a Bangui. Kafin ƙarshen shekarar coci ta tuɓe masa rigar limanci, a 1950 ya auri Michelle Jourdain, wata Bafaranshiya ma'aikaciyar majalisa, ya kuma fice daga MRP. Waɗanda suka tsayar da shi a 1946 duk sun juya masa baya.

Ana dab da zaɓen 1951 aka kama shi bayan wata hatsaniya a wata kasuwa a Lobaye, kotu ta yanke masa ɗaurin wata biyu. Sai dai a watan Mayun shekarar Faransa ta faɗaɗa rajista, ta shigar da magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. Sababbin masu zaɓen mutanen karkara ne da suka san Boganda, kuma a watan Yuni ya kayar da ɗan takarar RPF, jam'iyyar Janar de Gaulle da hukumomin mulkin mallaka ke mara wa baya. A majalisar yanki ta 1952 MESAN ta ci kujeru 17 daga 26 na 'yan ƙasa, amma da yake an ware wa rukunin Turawa kujeru 14, ba ta samu rinjaye ba. Mutanen Kano sun ga makamancin haka a 1951: NEPU ta yi nasara a matakin farko na zaɓe, amma damar da aka ba hukumar En'e ta cusa nata mutane a matakin ƙarshe ta hana jam'iyyar samun kujera a majalisar Arewa.

Ranar 1 ga Mayu 1954 gwamnati ta ga iyakar ƙarfinta. Tarzoma ta ɓarke a Berbérati bayan mutuwar wasu ma'aurata da ke yi wa wani Bature aiki, kuma Boganda ne ya je ya kwantar da hankalin jama'a. Daga nan hukumomi da 'yan kasuwar Turawa suka fara neman shiri da shi. A Janairun 1956 ya sake cin kujerarsa da fiye da kashi 80 cikin 100, a watan Nuwamba ya zama magajin garin Bangui.

Dokar Gaston Defferre ta Yunin 1956 ce ta rusa rabon gida biyu, ta ba kowane baligi, namiji da mace, ƙuri'a ɗaya. A zaɓen 31 ga Maris 1957 MESAN ta lashe dukkan kujeru 50. A nan ne batun tsayar da 'yan takara ya zama komai, domin duk wanda sunansa ya shiga jerin MESAN ya riga ya ci zaɓe, kuma Boganda ne ke rubuta jerin. Jam'iyyar ba ta da wani tsari mai ƙarfi da 'ya'yanta za su tace masu neman kujera. Ya ɗauko malaman makaranta irin su David Dacko, da likita Abel Goumba wanda ya ɗora a kan majalisar gwamnati, har da wasu Turawa da ya ƙulla ƙawance da su. Ɗaya daga cikinsu, Roger Guérillot, ya zama minista, ya fito da wani shirin noman kofi da auduga da manoma suka gani a matsayin dawowar aikin tilas. Talakan da ya jefa ƙuri'a don Boganda bai da hanyar cire irin wannan suna daga jerin.

Shi kansa ya tafi Brazzaville ya shugabanci babbar majalisar yankunan Faransa na tsakiyar Afirka. Burinsa shi ne Ubangi-Shari da Chadi da Kongo da Gabon su zama ƙasa ɗaya, daga baya a jawo Kamaru da Kongon Beljiyam da Angola. Gabon mai arzikin katako ba ta yarda ba, sauran ma kowa ya kama gabansa. Ranar 1 ga Disamba 1958 ya ayyana Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a kan Ubangi-Shari kaɗai, da sunan da ya tanada wa babbar ƙasar. Shi ya tsara tutar, shi ya rubuta baitocin taken ƙasa.

Abin da masu yabonsa ba su cika tsayawa a kai ba shi ne dokar zaɓen da gwamnatinsa ta yi a farkon 1959. Ta wajabta wa kowace jam'iyya gabatar da 'yan takara a jeri guda, kuma idan aka samu mutum ɗaya bai cancanta ba, jerin duka ya faɗi. Ta kuma hana ma'aikacin gwamnati tsayawa sai ya ajiye aiki watanni kafin zaɓe. A ƙasar da kusan duk mai ilimin boko ma'aikacin gwamnati ne, wannan ya bar 'yan adawa ba su da mutanen cika jeri, kuma jerin sunayensu suka zube a kotu. Mutumin da ya shafe shekara goma yana yaƙi da dokokin da ke taƙaita zaɓin talaka ya yi amfani da irin makamin. Hujjarsa ita ce ƙasa mai ƙarancin ma'aikata na buƙatar haɗin kai, kuma saɓanin ra'ayi na iya samun wuri a cikin MESAN.

Bai ga zaɓen ba. Ranar 29 ga Maris 1959, jirgin saman da ya ɗauko shi daga Berbérati zuwa Bangui ya faɗi a yankin Boda, babu wanda ya tsira. Ba a taɓa wallafa cikakken rahoton binciken ba, kuma zargin cewa da hannun wasu bai gushe ba har yau. An binne shi a Bobangui. A watan Afrilu MESAN ta kwashe kusan dukkan kujerun majalisa.

Da yake jam'iyyar ba ta da ƙa'idar fitar da magaji, rikici ya tashi nan take. Goumba ne ya riƙe gwamnati na wucin gadi, amma Dacko, da goyon bayan wakilin Faransa da 'yan kasuwar Bangui, ya samu amincewar majalisa. Goumba ya kafa jam'iyyar MEDAC a 1960, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai ranar 13 ga Agusta. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta jam'iyyar, aka tsare shi. A 1962 MESAN ta zama jam'iyya ɗaya tilo a bisa doka, a Janairun 1964 kuma Dacko ya tsaya takarar shugaban ƙasa shi kaɗai. Kanar Jean-Bédel Bokassa ya hamɓarar da shi a daren shiga 1966. Goumba bai kai ga zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ba sai a 1993, inda Ange-Félix Patassé ya kayar da shi.